Wankan Jego a Gidan da Ba a Taɓawa

Gidan da na yi jegona na fari a cikinsa babu abu ɗaya a jikinsa da yake a miƙe. Bango ya yi ciki, rufi ya lotsa a tsakiya kamar gadon bayan tsohon jaki, daɓen bene kuwa in ka ajiye lemo a bakin ƙofa sai dai ka je ka tsinto shi a ƙarƙashin taga. Tsohon masauki ne a wani ƙauye da ke can gefen Landan ta kudu maso gabas, irin ƙauyukan nan da birni ya matso ya haɗiye amma har yau ba su yarda an haɗiye su ba. Daga ƙofar gidan bas ɗaya ce take kai mutum Woolwich, inda nake zuwa sayen doya da attaruhu. A ƙarshen shekarun tamanin ke nan.

Maigidana karatu ya kawo shi. Wasu ranakun yana makaranta, sauran lokacin yana aiki a kicin ɗin masaukin. Mai wurin wata Baturiya ce da mijinta ya mutu ya bar mata shi, doguwa, ba ta da yawan dariya, Madam muke ce mata. Ita ta ba mu ɗakuna biyu a sama tare da aikin, kuma aikin da ɗakunan a igiya ɗaya aka ɗaure su: ranar da aka ce babu aiki, ranar za mu kwashe komatsanmu. Akwai ɓangaren da ake sayar da giya a ƙasa. Tun ranar farko maigida ya ce mata shi ba zai taɓa can ba, ta ce ita ma dama ba ta son mai dafa abinci ya saba da kwalba.

Ni dai tun zuwana gidan yake ba ni dariya. Ana shiga ta wata babbar ƙofa mai baka, wadda a zamanin da keken doki yake shigewa ta cikinta zuwa tsakar gida, har gefen bangon ya goge inda ƙafafun keken suke gurza shi. Jikin ginin baƙaƙen katakai ne aka gicciya, aka cike tsakaninsu da sanduna da laka, aka shafe da farar ƙasa. Benen ya fi ƙasan faɗi, ya leƙo kan titi kamar mai son jin gulma. Ƙofofin ciki gajeru ne, maigida kuwa dogo, don haka watanninsa na farko goshinsa bai huta ba. Akwai murhu a falon ƙasa wanda mutum zai shiga cikinsa ya zauna, har da benci a ciki. Matakalar da take kaiwa ɗakunanmu kuwa murɗawa take yi tana sake murɗawa, kafin ka kai sama ka manta ina gabas take. Sai da maigida ya nemo abin duba alƙibla sannan muka daina gardama a kan inda za mu fuskanta.

Abin da Madam take ji da shi a duk gidan shi ne rufin babban ɗakin cin abinci. Ba katako ba ne, farin shafe ne da aka yi wa ado da hannu: reshen inabi ya zagaye ɗakin, da furanni, da wasu tsuntsaye masu dogon wuya a kowace kusurwa. Mutane sukan zo daga nesa, su sayi shayi kofi ɗaya, su zauna suna ɗaga kai har wuya ya ƙage. Saboda wannan rufin da sauran tsufan gidan, gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta hana a taɓa. Ranar da muka tare Madam ta tsayar da mu a bakin matakala ta ce ko ƙusa ɗaya kada mu buga a bango, domin ita kanta sai ta nemi izinin council, wato ƙaramar hukumar yankin, kafin ta canza ko da marfin taga, in ba haka ba kotu ce. Agogonmu na bango a jingine ya yi zamansa a kan akwati. Ita ma dokar ta ishe ta. Akwai wani ɗan ɗaki a ƙarshen tsakar gida, bayan tsohuwar bargar dawakai, wanda ta daɗe tana so ta rushe don baƙi su sami wurin ajiye mota, council suka hana. Kusan duk mako sai ta yi mita a kansa.

Da na haihu, mace, cikin tsakiyar sanyi, Inna, mahaifiyata, ta taso daga Kano. Ba ta taɓa shiga jirgi ba, amma da aka ce mata a Ingila mai jego wanka ɗaya take yi da ruwan famfo ta tashi ta ci gaba da harkokinta, sai ta ce a nemo mata fasfo. Akwatinta babu kayan sawa sai kala uku. Sauran duk kanwa ce da garin kunu da yaji da daddawa, da ganyen darbejiya da ta ɗaure dami-dami ta shanya a inuwa.

Da motar ta tsaya a ƙofar gida ta fito ta dubi ginin daga sama har ƙasa.

"Nan ne Landan ɗin?"

Na ce nan ne.

"Mai gidan nan ba ta da 'ya'ya maza ne? Dubi yadda suka bar shi yana neman zama."

Na yi mata bayani cewa doka ce ta hana gyara shi yadda aka ga dama. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin ƙasar da hukuma take hana mutum yaɓe gidansa ba, amma baƙo ba ya gyara wa masu gari zama. Turaren wutarta ne kawai ya so ya haɗa ta da Madam, domin an hana kunna garwashi a sama. Ta haƙura ta mayar da kaskonta cikin akwati, tana cewa Allah ya kyauta.

Wanka kuwa babu haƙuri a cikinsa. A wurin Inna mai jego sai ta yi wanka da tafasasshen ruwa safe da la'asar har ta yi arba'in, ana tsoma ganye a ruwan ana fyaɗa mata a jiki. In aka yi wasa da shi sanyi ya shiga jiki, mace ta kumbura, wata ma ba ta tashi. Tana da ƙanwa da ta rasu bayan haihuwa, kuma har Inna ta koma ga Allah ba wanda ya iya raba ta da cewa ƙarancin ruwan zafi ne ya kashe ta. To ga ni a ƙasar da ko numfashi ka yi sai ka ga hayaƙi. A ganinta ni ce mai jegon da ta fi kowa buƙatar wuta a duniya.

Banɗakinmu ɗan ƙarami ne da aka tsaga daga jikin ɗaki a wani zamani. Akwai baho dogo siriri, ƙasa kuma an shimfiɗa kafet, irin abin da Turawan lokacin suke yi wanda har yau ban gane hikimarsa ba. Inna ta dubi bahon ta ce wannan ai kwamin shayar da shanu ne, ina za ta sami wurin ɗaga hannu a ciki. Ta naɗe kafet ɗin ta jingine, katakon daɓe ya bayyana, ta ajiye 'yar kujera a tsakiya da babbar roba a gefe. Maigida ne yake tafasa ruwan a manyan tukwanen kicin, ya hauro da shi, ya ajiye a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, ya juya. Tsakaninsa da Inna akwai kunya irin ta da. Gaisuwa ce kawai a durƙushe, idonsa a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Bai taɓa leƙa banɗakin a lokacin wanka ba, bai kuma taɓa tambayar yadda ake yi ba.

Ranar farko, da ruwa ya fara fantsama, na ce, "Inna, ruwan nan fa?"

Ta dakata muka bi shi da ido. Daɓen a karkace yake kamar kowane daɓe na gidan, sai ruwan ya taru ya gangara kusurwa, ya shige ta wani ɗan tsagi a gindin bango, ya ɓace.

"Kin gani," in ji Inna. "Ga rariyarsu nan. Su ma sun san abin da suke yi."

Na shekara biyu a Ingila a lokacin, ya kamata a ce na yi tunani. Amma macen da ake fyaɗa wa tafasasshen ruwa a gadon baya ba ta da sararin tunanin ina ruwa yake zuwa. Ni ta kaina nake yi. In an gama Inna ta goge katakon tas, ta mayar da kafet, ta miƙo min kunun kanwa, in sha ina gumi ina jin kamar an sake ƙera ni. Har yabon gidan ta fara yi. Ta ce duk da tsufansa an yi masa daɓe mai hankali.

Mun yi nisa, ana maganar an kusa raba arba'in biyu, sai wata safiya na ji muryar Madam daga ƙasa ba yadda na saba ji ba. Wani tabo ne ruwan ƙasa ya fito a rufin ɗakin cin abinci, daidai fuka-fukin ɗaya daga cikin tsuntsayen nan. Washegari ya ƙara faɗi. Rana ta uku aka ce ɗigo ya faɗo kusa da farantin wani baƙo. Aka kira mai gyaran famfo, ya hau banɗakinmu da tsakar rana, lokacin da komai yake a goge a shimfiɗe, ya duba bututun baho ya ce a bushe suke. Ni ko a jikina. Da wannan matakala mai juya wa mutum kai, ban taɓa kawowa a raina cewa banɗakinmu a saman ɗakin cin abinci yake ba. A lissafina muna can saman kicin.

Dole Madam ta sanar da council. Suka turo wani mutum mai gilashi da tocila, ya hau tsani ya daɗe yana ƙwanƙwasa rufin da ɗan yatsa yana saurare. Abin da ya faɗa maigida ne ya kawo min. Shafen ya sha ruwa ya yi nauyi, yana iya ɓallowa ya zubo, kuma in ya zubo babu mai iya mayar da shi yadda yake. A rufe ɗakin. In ba a gano inda ruwan yake fitowa ba, sai an ɗaga katakon daɓen sama gaba ɗaya a bi sawunsa, wanda ke nufin mu fita daga ɗakunanmu, kuma ba wanda ya san tsawon lokacin da aikin zai ɗauka.

Ina za mu? Abokin maigida da muke da shi a Woolwich ɗaki ɗaya gare shi, shi da matarsa. Ga jaririya, ga tsohuwa, ga sanyin da ko kare ba a kora waje. Na zauna a bakin gado ina tsine wa dokar da ta fifita tsuntsun farar ƙasa a kan 'yar mutum.

Kashegari da hantsi Madam ta sa maigida ya hau tsani ya tokare rufin da katako yadda mutumin ya nuna. Bai daɗe ba na ji sawunsa a matakala, ya yi gyaran murya, ya kira ni waje. A tsaye muka yi maganar, a murɗin matakala, ƙasa-ƙasa don kada Inna ta ji.

"Ruwan wankanku ina yake zuwa?"

"Rariya mana."

"Wace rariya? A bene?"

Ya miƙo min yatsansa ya ce in shinshina. Ɗacin nan na darbejiya ne, wanda duk wanda ya tashi a gidan da ake haihuwa ya san shi ko cikin barci.

"Ceiling ɗin Madam gaba ɗaya warin jego yake yi," ya ce. "Ina taɓawa na tuna ɗakin babata. Listed building ne fa, ginin tarihin da doka take tsaro. In ta gane mu ne, aikin ya tafi, ɗakin ya tafi."

Ruwa dai ba ya tsami banza. Ya ce shawararsa a dakatar da wankan shiru, rufin ya bushe da kansa, kowa ya huta. Na ce to ya shiga ya faɗa wa Inna. Ya dube ni kamar na ce ya shiga rijiya. Ya ce ai ni ce 'yarta.

Na shiga na same ta tana jiƙa ganyen la'asar. Na faɗa mata komai. Ta saurara har na gama, hannunta a cikin roba.

"Wanka ba za a fasa ba," ta ce.

Raina ya ɓaci, kuma ni ba mai iya ɓoye ɓacin rai ba ce. Na ce mata a nan ba Kano ba ne da in an kore ka za ka shiga gidan maƙwabta. Na ce a titi take so mu kwana da jaririyar? Na faɗi maganganu da ya kamata a ce ɗiya ta tauna kafin ta faɗa wa uwarta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gida in ya tafi ana samun wani. Ke fa?"

Sai na fashe da kuka don haushi. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta yafa mayafinta ta ce in kai ta ta ga ɓarnar. Tun zuwanta ba ta taɓa shiga wannan ɗakin ba, don yana kusa da inda ake sayar da giya. Muka sauka. An ɗaga kujeru an kife a kan tebura, ɗakin ya yi sanyi. Ta tsaya a tsakiya ta ɗaga kai. Ta daɗe tana bin reshen inabin nan da ido, daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ta zo kan tsuntsun da muka jiƙa.

"Wannan aikin hannu ne," ta ce a hankali. "Wani ya kwana biyu a kan tsani yana yin sa. Kira min matar."

Na ce Inna ki rufa mana asiri. Ta ce asirin da yake ɗiga a kan mutane ai ya riga ya tonu, kuma ita ba za ta bari a farfasa wa baiwar Allah gida ana neman abin da yake cikin robarta ba. Ban motsa ba, sai ta wuce ni. Ta sami Madam a bakin kicin, ta kama ta a wuyan hannu kamar yarinya, ta ja ta zuwa matakala. Madam ta waiwayo tana dubana, ni kuwa na bi su a baya ina salati a zuci. Maigida ya leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ya ga surukarsa tana jan uwar ɗakinsa, ya koma ciki.

A banɗaki Inna ta naɗe kafet, ta ɗebo ruwa a kofi, ta zuba a tsakiyar daɓe. Mu uku muka tsaya muna kallonsa yana gangarawa, ba gaggawa, har ya kai kusurwa ya shige tsagin nan.

Fuskar Madam ta yi ja har kunne. Da ta yi ihu da na fi samun sauƙi, amma a hankali ta yi magana. Ta tambaye ni sau nawa. Na ce safe da yamma. Tun yaushe? Tun zuwan Inna. Da me? Na nuna mata robar, na ce cike, wani lokaci har a ƙara. Ta rufe ido. Sannan ta tambayi dalili, Inna ta ce in fassara, kuma kada in rage komai. Na fassara maganar sanyi, da arba'in, da ƙanwarta. Na fassara cewa laifin nata ne, ita ta ga tsagi ta ce rariya ce, yaron nan bai san komai ba, aikinsa kawai dafa ruwa. Madam ta dubi damin ganyen, ta dubi Inna, ta ce daga yau ko ɗigo ɗaya kada ya sake taɓa wannan daɓen. Ta sauka. Ba ta ce komai a kan aiki ba, ba ta ce komai a kan ɗaki ba, kuma wannan shirun ya fi min zagi ciwo.

Na jawo akwati na fara ninke kayan jaririya. Inna tana kallona ba ta hana ni ba.

Bayan azahar mutumin council ya dawo. Maigida ya ce da aka gaya wa mutumin gaskiyar lamarin sai ya cire gilashinsa ya goge, ya sake tambaya ko ya ji daidai, sannan ya ce shi wannan labari ya yi masa daɗi, domin ruwan da aka san mafarinsa ya fi wanda ba a sani ba. Ba sai an ɗaga daɓe ba. Ya ce irin wannan shafen da farar ƙasa da gashin dabba aka kwaɓa shi, yana shan ruwa kuma yana mayarwa in an bar shi ya bushe a hankali. A bar tokaren, a buɗe tagogi, kada a kunna masa hita. Maganar kotu ba ta taso ba, tunda ba wanda ya yi niyyar canza komai. Ko rufin zai riƙe, wannan sai an jira an gani.

Na ji sanyi kaɗan a raina, amma Madam har yanzu ba ta ce uffan ba, kuma ita ce mai ɗaki. La'asar ta yi, ta fara wucewa. A ƙasar nan kuwa lokacin sanyi la'asar da magariba kamar 'yan biyu suke. Inna tana zaune da damin ganye a cinya. Ta riga ta faɗa min cewa in ta kama a tsakar gida za ta yi min wankan, a fili, a kewaye ni da zannuwa. Na san kuma za ta aikata.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Madam ce, da rigar sanyi, da wani ƙaton mabuɗi a hannu. Ta ce mu biyo ta.

Muka ratsa tsakar gida, muka wuce barga, sai ga mu a ƙofar ɗan ɗakin nan da take mita a kansa. Ta sha fama da makullin kafin ya buɗe. Ciki daɓen dutse ne, manyan falalen duwatsu, an karkata su daga kowane gefe zuwa tsakiya, inda wani ƙarfe mai huji-huji yake rufe da rami. A kusurwa an gina murhu da jan bulo har ƙugu, an nutsa wata ƙatuwar tukunyar tagulla a cikinsa, da murfin katako, da ƙofar wuta a ƙasa, da bututun hayaƙi da ya fita ta rufi. Madam ta ce a nan ake wanke zannuwan gadon matafiya a zamanin keken doki. Ita sau ɗaya take kunna shi a shekara, ta dafa wani abincinsu na Kirsimeti mai kama da alkubus, don haka bututun a share yake.

"Wannan ne ɗakin da nake roƙo a bar ni in rushe," ta ce. Ba ta yi murmushi ba. Ta ɗora min mabuɗin a tafin hannu. "Mijinki ya riƙa kunna wutar kafin ya shiga kicin da safe. Kuma ki gaya masa ban yarda karin kumallon baƙi ya makara saboda wannan ba."

Sai da ta kai ƙofa na fahimci abin da ta faɗa. Wanda za a kora ba a yi masa maganar karin kumallon gobe.

Inna ba ta jira fassara ba. Ta zagaya ɗakin, ta buga daɓen da diddige, ta leƙa tukunyar ta shafa cikinta. Sannan ta sa na ɗebo mata ruwa a kofi, ta zuba, ta bi shi da ido har ya shige ramin. Bai ishe ta ba. Ta fita ta zagaya bayan ɗakin cikin sanyin nan, sai da ta ga inda ruwan ya ɓullo ya bi lambatu sannan ta dawo.

"Wannan ce rariya," ta ce. "Waɗanda suka gina nan sun san jego."

Na ce mata ɗakin wanki ne.

"Haka suka gaya miki."

Rufin bai faɗo ba. Ya yi makonni a tokare, ya bushe, mutumin council ya zo ya ƙwanƙwasa ya ce a cire katakon. Tabon ya dushe amma bai ɓace duka ba, tsuntsun nan ya zauna da fiffike ɗaya mai duhu. Muka ci gaba da zama a gidan har maigida ya gama karatu, muka koma flat a Woolwich a farkon shekarun casa'in, inda bango yake a miƙe kuma na buga ƙusa har sai da na gaji. Na sha tunawa da cewa dokar da na wuni ina tsine wa ita ce ta tsare min wannan tukunyar. Da an bar Madam ta yi son ranta, da motoci ne a wurin.

A yammacin da aka ba mu mabuɗin dai, maigida ya kwaso itace daga na murhun falo, ya hura wuta, ya cika tukunyar, ya yi gyaran murya ya fita. Madam ta karɓi jaririyar ta zauna da ita kusa da murhun kicin, tana riƙe da ita kamar ƙwai. Ɗakin ya cika da tururi da ɗacin darbejiya, har ba na ganin bango. Na zauna a 'yar kujerata a tsakiyar daɓen dutse, Inna ta tsoma ganye ta ɗaga hannu iya tsawonsa, babu baho, babu kafet, babu abin da za ta yi wa kaffa-kaffa. Ruwa ya sauka a bayana, ya fantsama ko'ina, ya gangara inda aka gina masa ya bi.

Sai kawai na ji kuka ya ƙwace min. Ba na zafi ba ne. Tun safe a ɗaure nake kamar damin itace, sai yanzu igiyar ta saki. Muna da wurin kwana, maigida yana da aikinsa, 'yata tana cikin ɗumi. Na yi ta yi har da shessheƙa, na kasa tsayawa.

Inna ta dakata da ganyen a sama. Tun da aka fara wankan nan nake roƙonta ta sirka min ruwan ko da kaɗan, kullum amsarta ɗaya ce, in daure, ita ma haka aka yi mata. Ta tsaya tana dubana ta cikin tururin. Sannan ta ajiye ganyen, ta je bakin ƙofa inda bokitin ruwan sanyi yake, ta ɗebo kofi guda ta zuba a cikin robar, ta juya da hannunta.

"To ya isa," ta ce. "Juyo min da kafaɗar."